Ajiyar Jatau Mai Albasa

Tunda kana tambayata wanne za ka saya, dikoda mai naɗa ko sabon nan da ke kai kallo ɗaki-ɗaki ta intanet, gyara zama ka ji abin da ya sami wani manomin albasa, Jatau.

Shekarun baya, masu shirin noma na wata tashar tauraron ɗan adam suka zo fadamar garinsu. Mahaifin Jatau, Allah ya jiƙansa, ya zagaya da su gonarsa, ya dafa wata giginya ya ce nan ce iyakarsa. Maƙwabcinsa Tanko na tsaye a gefe yana gyaɗa kai, har da cewa ƙwarai kuwa. Ran da aka nuna shirin, Jatau ya naɗe shi a tsohuwar dikodarsa, wadda ke zafi kamar kaskon tuya, ba ta kuma san wani ɗaki ba sai falo. To, ɗan adam da son sabon abu! Mai haɗa dish ya zo masa da zaƙin baki, wai ga tsarin da maiɗakinsa za ta kalli nata a ɗaki, baƙi su kalli nasu a zaure, har a waya ma yana yi. Abu ɗaya tak Jatau ya tambaya, ko shi ma wannan yana ajiya. Aka ce sosai ma, aka lalubo masa shirin cikin tsofaffin shirye-shiryen tashar, aka danna inda aka rubuta "ajiye". Shi kuwa a saninsa ajiya amana ce, ka ba mutum ya riƙe maka, ran da ka zo ya miƙo maka abinka. Hankalinsa kwance ya bar mai dish ya tafi da tsohuwar dikodar.

Ba a yi damina biyu ba Tanko ya ci iyaka, ya wuce giginyar da taku ashirin, ya haɗa da rijiyar ban-ruwa. In rijiyar nan ta tafi albasa ta tafi, gidan Jatau kuwa ba su da wata sana'a. Shaidun tsohon duk sun riga mu gidan gaskiya. Aka zauna gaban dagaci da hantsi. Jatau ya zaro waya da ƙwarin gwiwarsa, ya ce yau Tanko zai ji muryar kansa da kansa. Ya danna. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa, dattawa sun miƙo wuya. Can sai ga rubutu, wai an sauke wannan shiri. Ya sake dannawa, rubutun nan dai ya sake fitowa. Tanko dai goronsa kawai yake ci.

Dagaci ya ce, "Jatau, na ba ka zuwa la'asar."

Ya hau babur sai birni, ko hular da iska ta cire masa bai tsaya ɗauka ba. Mai dish ya saurare shi, sannan ya ce ai shirin na tashar ne, in ta ga dama ta bari, in ta ga dama ta sauke. Wancan "ajiye" ɗin alama ce kawai, kamar ka ɗaura tsumma a bishiyar wani. Jatau ya ce ya ji, a fito masa da tsohuwar dikodarsa. Mutumin ya sauko da ita daga kan kanta, ya hure ƙurar, ya miƙa masa.

"Ga ta nan, Malam. Sai dai mu ba ma barin kayan wani a ciki. Tun ranar na goge ta tas."

Jatau ya nemi wuri ya zauna. Yana zaune a kan bencin shagon da dikodar a cinya aka kira la'asar, can gida kuwa Tanko ya rantse aka ba shi rijiya. Sai a lokacin Jatau ya tuna ba shi da muryar mahaifinsa a ko'ina kuma, ya sunkuyar da kai ya yi kuka a gaban mutane.

Ni ban hana ka sayen sabo ba, yana da daɗinsa. Amma abin da ba za ka jure rashinsa ba, ka tambaya a hannun wa yake zaune. Hausawa sun riga sun faɗa: kayan aro ba ya rufe katara.