Sauron Da Ba Ya Cizo

"Da kana nan, da ka yi mini dariya," ya faɗa wa ɗan'uwansa a ransa, yana tsaye a bakin dam ɗin Yendi, laka har gwiwa. Tun safe jajayen tsutsotsi uku kacal ya samu.

Aikin ba wuya a baki. Akwai wani ƙwaro mai kama da sauro, amma ba ya cizo. A laka yake girma yana jar tsutsa, in ya yi fiffike namijinsa da gashi a ka kamar buroshi. Dokta Fulera ta jami'a tana son sanin iyakar ƙasarsa. An same shi a Makango, kusa da Salaga. To, ya kai Yendi? Na Bawku shi ne, ko wani danginsa ne? Kwalba goma daga kowane gari, a aika mata a mota.

Su biyu suka bar gida, wa da ƙani. Shi kaɗai ya bar Makango. Kwalekwalensu ya daki kututture a ƙarƙashin tafki, ba kowa a kusa. Jaka da waya suna gaɓa, ko jiƙewa ba su yi ba. Kwana biyu yana bin bakin ruwa yana kiran ɗan'uwansa. Ruwa bai mayar da komai ba.

Wayar ta yi ƙara.

"Fadlullah! Shekara uku kana wannan aiki, yau ka rubuta takardar cikin kwalba da biro? Ruwan sifirit ɗin da ke ciki ya cinye rubutun tas. Ina fensirinka?"

"A yi haƙuri, Dokta."

"Muryarka fa?"

"Mura ce."

Kiran mahaifiyarsu Mma kuwa ba ya iya ɗauka, sai dai ya saurari saƙonta: "Fadlullah, ka sa ido a kan ƙaninka. Ka san Nasrullah bai iya ruwa ba, ko a bokiti sai ya nutse. Yaushe za ku iso? Na jiƙa waken tubani."

Ya ƙara kwana a Yendi, wai a sake ɗiba. Ya ƙara wani. Kwalabe suka cika. Babu sauran gari a takardar aikin sai Bawku, Bawku kuma gida ne.

Da mota ta sauke shi bai nufi unguwarsu ta zango ba, rafi ya nufa. Ga ƙwarin can suna tashi kamar hayaƙi a kan ruwa. Ya kama ɗaya, ya ɗaga shi a rana, ya juya, ya sake juyawa. Ya kasa gane ko shi ne ko danginsa. Ya rufe kwalbar ƙarshe, takardarta da fensir wannan karon.

Mma tana tsince shinkafa a tsakar gida. Ta ɗago, ta dubi bayansa, ta jira wani ya shigo. Har yanzu bai gaya wa kowa ba.

"Nasrullah," ta ce, "me ya kawo jakar yayanka kafaɗarka?"