Ba a Tarbar Baƙi da Ɗoyi

Shekarar da ruwa ya ruɓar mana da albasa a Danwarai, aka ce ma'aikatan gwamnati za su zo duba ɓarna don ba manoma tallafi. Baba ya sa muka kwashe ruɓaɓɓiyar muka binne, wai ba a tarbar baƙi da ɗoyi.

Bayan azahar suka iso. Mai riƙe da takarda ya ce, "Baba, yaya asara?"

"Sai godiya, ɗana. Wanda ya ba mu, shi ya amshi abinai."

Mutumin ya leƙa ma'ajiyar albasarmu, ya gan ta fes, ya wuce bai rubuta komai ba.

Maƙwabta sun samu, mu jakinmu muka sayar. Har yau in na ji warin ruɓaɓɓiyar albasa sai haushin Baba ya taso mini, sannan kunya ta rufe ni.