Jan Layi a Takardar Lantana

Tun da aka kawo takardun jarrabawa masu yin ja a duk jimlar da ɗalibi ya taɓa ji a bakin wani idan ya rubuta ta, satar amsa ta ƙare a makarantar.

Ranar Talata Malam Isiyaku ya kira Lantana ofis. Rabin rubutun da ta yi kan yadda ake daddawa ya yi jawur.

"A ina kika kwafo wannan?"

"Wallahi ban kwafa ba, Malam. Kakata ce ta koya mini. Shekara huɗu muna dafa kalwa tare."

Malam ya san gaskiya ta faɗa, don hijabinta ma warin daddawa yake. Amma doka ta ce ja sata ne.

"Saura dama ɗaya. In ta sake yin ja, sai kora."

Da la'asar ta tarar da kakar a bakin murhu.

"Yauwa, zo ki ji yadda ake gane ta dahu, tun ina da rai," in ji kakar.

Lantana ta toshe kunnuwanta da yatsu.

"Iya, don Allah ki bari sai na gama makaranta."

Tsohuwar ta daɗe tana kallonta. Sannan ta mayar da murfin tukunyar ta rufe.