Akwati Mai Kuka

Bugu uku Mai Gyara ya yi wa ƙofar da guduma, a na huɗu kwaɗon ya tashi. Bai tsaya tambaya ba. Ya tarar da mijin ƙanwarsa tsaye tsakiyar falo, sai ya kai masa naushi a baki, ya ƙara masa a haƙarƙari, ya shaƙe shi jikin bango har idanunsa suka firfito. Haƙori ɗaya ya faɗo kan tayil. Ihun macen da ya taso shi daga shagonsa na ƙasan bene kuwa bai tsaya ba, ƙaruwa ma yake yi duk sanda ya ɗaga hannu.

Auta ce, ƙanwar tasa, ta fito daga kicin da ludayi, lafiyarta ƙalau, ta riƙe masa riga. "Yaya, kiɗa ne. Wallahi kiɗa ne."

Mijin nata, wanda duk gidan ke kira Makaɗi, ya tofar da jini ya nuna tebur. Wani akwatin katako ne mai sheƙi, gabansa cike da maɓallai, da sandunan ƙarfe biyu tsaye kamar eriyar rediyo. Sintesaiza ce, na'urar kiɗa, in ji shi, ƙirar hannu, hamsin kacal aka yi, babu kwamfuta a cikinta, zallar waya da lantarki. Ba sai an taɓa ta ba ma take kiɗa. Ya sauke tafinsa a hankali, ta yi gurnani. Ya girgiza yatsu, ta yi shessheƙa. Ya kai wa iska mari, akwatin ya ƙwalla ƙara irin ta macen da aka taka wa hannu.

Mai Gyara ya ji kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Umma ta wanke shi tas, ta ce tsakanin miji da mata sai Allah, ta sa ya rantse ba zai sake taka matakalar nan ba sai an kira shi. Tela, maƙwabcin shagonsa, ya laƙaba masa Mai Ceton Akwati, sunan ya bi shi har masallaci.

Makaɗi kuwa ya yi halin girma, har abin ya ba mutane mamaki. Washegari ya tara maƙwabta ya gwada musu akwatin, kowa ya kaɗa hannu ya yi dariya. Ya ce aiki zai riƙa yi da shi kullum da yamma, su yi haƙuri da ƙara. Suka ce ba komai.

Haka aka saba. La'asar na yi sai kuka ya sauko daga sama, a ga inuwar Makaɗi a labule yana kai wa iska duka. Mata na shanya a tsakar gida, ko ɗaga kai ba sa yi.

Maganar gaskiya, Mai Gyara ya kamu da son akwatin nan. Shekara ashirin yana farke rediyo da amsa-kuwa, bai taɓa ganin irinsa ba. Sau biyu ya roƙi a bar shi ya leƙa ciki, Makaɗi ya ce ai ba a buɗewa. Sai ya koma sauraro daga ƙasa, yana aikin dalma yana gyaɗa kai. Har ya gaya wa Tela hannun surukinsa ya faɗa, don yanzu sautin har numfashi yake ja, har muryarsa kan dishe. Ranar da aka ɗauke wuta kukan bai yanke ba, ya ce lalle Turawan da suka ƙera shi batir suka ɓoye a ciki, ya ƙara jinjina musu.

Auta ta rage saukowa hira. In sun haɗu a bakin famfo tana cikin doguwar riga mai dogon hannu, ga zafi kamar a gasa mutum. Wata rana da baƙin tabarau, ta ce ciwon ido. Ransa ya sosu, ya tambaye ta ko lafiya. Ta kalli gudumar da ke kan teburinsa, ta ce lafiya lau, shi dai ya riƙe rantsuwarsa, ba ta so a ɗaure mata ɗan'uwa a banza. Shi kuwa Makaɗi gaɓoɓin yatsunsa kullum a kumbure, yana cewa gefen katakon yake bugewa in kiɗa ya ɗebe shi.

Ranar Talata akwatin ya yi kukan da bai taɓa yi ba. Wani abu ya fashe, kujera ta faɗi, ƙarar ta hau ta hau, sannan ta yanke ɗif. Mai Gyara ya miƙe har bakin matakala, ƙafa ɗaya a sama. Tela ya leƙo yana dariya, ya ce a kawo masa gudumar ne? Mai Gyara ya dawo ya zauna.

Da safe, Makaɗi na fita, sai ga Auta tana saukowa da ɗingishi, rungume da akwatin. Ta dire shi kan teburin. Ya tambaya ko mijinta ne ya aiko a gyara.

"Ba gyara na kawo ba, Yaya," in ji ta. "Ka daɗe kana son ganin cikinsa. Buɗe."

Murna ta kama shi, kamar yaron da aka miƙa wa kyauta. Ya warware kusoshi takwas, ya ɗaga murfin a hankali, ya kunna tocila. Ya nemi batir, babu ko gurbinsa. Wayar da ke kai wuta ta ƙone ƙurmus ta rabu biyu, bakinta har ya yi tsatsa, kuma a kan yankewar zanzaro ya gina ɗaki hawa uku, ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan sun fasa sun tashi.

Ya ɗago ya dubi ƙanwarsa, ita kuma ta zare tabarau, idonta ɗaya a kumbure. Akwatin ya fi wata uku ko tari bai yi ba.