Jajayen Tantabarun Jiratawa

Ranar da farar tantabara ta shida ta ɓace daga ɗakin tantabarunsa, Maman Lawali bai ko tsaya karin kumallo ba. Ya zura takalmi ya shiga gidan da ke manne da nasa, gidan Mushe Zakariya'u, tsohon malamin makaranta, amininsa tun suna yara, don ya amayar da abin da ke cinsa.

Ya same shi a gindin bishiyar bedi yana fesa wa wata motar gwangwani launi. Tun da Mushe ya bar koyarwa ya sayi bindigar fenti mai araha a kasuwa, irin mai ɗan kofi a sama da ake jonawa a wuta, ba abin da ya tsira a gidan. Tukwanen furanni, kujerun tsakar gida, motocin wasan jikoki, duk sun sha. Har ɗakin tantabarun Maman Lawali shi ya fesa shi kore, kyauta. Kwanan nan ma ya rage fentin mai, wai yana shaƙe shi, ya koma dama galura da ruwa.

"Shida, Mushe! Shida cikin wata guda. Farare tas, irin da na gada wajen tsohona."

"Bi a hankali," in ji Mushe, bai ɗago ba. "Ƙila mage ce."

"Mage mai ƙafa biyu dai."

Maman Lawali ya riga ya san magen. Nomau ne, ɗan garin Tsibiri mai kabu-kabu, wanda ke haya a ɗakin da ke kusa da zaurensa tare da matarsa Larai mai tsohon ciki. Mutum ne marar magana, kuma kullum zai fita sai ka ga buhu ɗaure a bayan moto. Ran Juma'a kuwa ƙamshin suya ke tashi daga ƙofarsa. Ina ɗan kabu-kabu ya ga nama duk mako?

Ya fara da daina amsa gaisuwarsa. Daga nan ya sa kwaɗo a famfon tsakar gida, Larai ta koma ɗauko ruwa daga bakin titi cikin zafin bazara, tana tafe tana dafa ƙugu. Da ta bakwai ta ɓace, ya tare Nomau a ƙofa ya zazzage buhun a gaban jama'a. Dusa ce da tsofaffin takalma. Wannan bai sanyaya shi ba, sai ma ya ce wayon ɓarawo ya gani.

Da ta takwas ta tafi, ya banke ƙofar ɗakin hayar ba sallama. Ya birkita tabarmi, ya buɗe tukwane, ya kifar da kwandon kayan haihuwa. A bayan randa ya tsinci farin gashin tsuntsu guda ɗaya, ya fito yana ɗaga shi sama kamar tuta.

"Baba, iska ce ta kawo shi," in ji Nomau. "Ɗakinsu ga shi nan bisa kanmu. Mi zan yi da tsuntsayenka?"

"Ka tambayi tukunyar matarka. Kwashe tsummokaranka, kar magariba ta same ka a gidana!"

Mai unguwa ya sa baki, liman ya sa baki, Maman Lawali ya rantse ba za su ƙara kwana ba. Aka ɗora katifa da tukwane a kan amalanke. Larai ta zauna a samansu tana kuka ƙasa-ƙasa, yaran unguwa na binsu da waƙar ɓarawon tantabara. Cikin kwana biyu zancen ya kai tashar 'yan kabu-kabu, wanda ya ba shi hayar moton ya karɓe abinsa. Nomau ya koma Tsibiri ba aiki, ba suna.

Daga ranar ko gashi ɗaya bai sake ɓacewa ba. Maman Lawali ya riƙa faɗa wa duk wanda ya tsaya: "Kun gani ko?"

Bayan mako biyu Mushe ya shigo da kwando lulluɓe da zane. Tantabaru ne takwas, jajaye kamar ƙasar tukwane, irin da Maman Lawali bai taɓa gani a Maraɗi ba. Mushe ya ce wani mai lambu a Jiratawa ke kiwonsu, da ƙyar ya yarda ya rabu da su, kuma rago yake so a madadinsu. Maman Lawali ya kwance ragon layyarsa ya miƙa igiyar yana godiya.

"Sai dai irin nan ba su son ruwa a jiki," in ji Mushe. "Kar ka aje musu kaskon wanka. Na sha kawai, a ƙaramin gwangwani."

Tsuntsayen akwai hankali. Baƙuwar tantabara sai an kulle ta kwana da kwanaki kafin ta saba da gida, amma waɗannan ana buɗe kwandon kowacce ta tashi ta shige tukunya ta kwanta. Maman Lawali ya ce albarkar korar mugu ce.

Ran wata Laraba bayan la'asar hadari ya haɗo daga gabas, na farko a shekarar. Kafin ya dawo daga masallaci ruwa ya kece. Ya shigo a guje, rigarsa a jiƙe, yana kiran tsuntsayen da fito don ya kulle su. Ba wadda ta kula shi. Duk suna jere a kan katanga, sun buɗe fukafukai suna shan ruwan sama a jikinsu.

Ya tsaya cak a tsakar gida. Jan ruwa ne ke gangarowa a jikin katangar layi-layi, a samanta kuwa, ɗaya bayan ɗaya, fararen tantabarunsa takwas suna fitowa daga cikin galurar Mushe.