Muryar Inna

Tun da na'urori suka iya kwaikwayon muryar kowa, ba a yaye ɗalibin sakandare sai ya laƙanci kalmomi uku: majiya, hujja, tantancewa.

Da hantsi wayar Malam Tukur ta yi ƙara. Muryar mahaifiyarsa ce, har da tarinta: "Tukur, na faɗi na karye, bar shagon ka taho ƙauye yanzu!"

Ya zabura zai fita, 'yarsa Ramlatu, 'yar aji biyar a sakandare, ta tare ƙofa.

"Baba, mu tantance tukuna. Kai ne ɗan farinta. Yaushe Inna ta taɓa ambaton sunanka?"

Ya tsaya cak. Suka kira maƙwabtan Inna, aka ce ga ta nan garau tana ɓarar gyaɗa.

Ramlatu ta ƙyalƙyale da dariya. "Na'ura ta koyi muryarta, amma ba ta koyi alkunyarta ba!"