Hular da Na Saƙa wa Baba

Duk Suleja ko inji bai kai ni saƙa ba, ku tambayi kowa! Maman Ngozi maƙwabciyarmu ce ta koya mini ina aji biyar. Lokacin Baba ya samu aiki a Abuja, ba ya zuwa gida sai mun kusa manta kamanninsa. A sanina ni kaɗai ya haifa, na ce hula ɗaya zan saƙa ta dawo da shi. Da jan ulu na saƙa ta. Har yau in na ga jan ulu, dariyata ɗaukewa take.

Da la'asar ɗin da ya zo na miƙa masa hular. Ya ɗora, ta tsaya masa kamar murfin kwano. Ya cusa ta a aljihu.

"Ta yi mini kaɗan, yarona. Amma za ta yi wa ƙaninka na Abuja."